Wilga Ba Ta San Tsoron Kare Ba

Gonar Emu Gap,
kusa da Hawker,
12 ga Yuni, 1986

Zuwa ga matata Noreen,

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fata wannan takarda ta same ki da sauƙi. Yaya jiki? Yaya ƙugun? 'Yarmu Bronwyn ta ce min a waya likitocin Adelaide sun ɗaure ƙashin da ƙarfe, kuma har kin fara yi wa ma'aikatan jinya faɗa wai ba su iya haɗa shayi ba. Da na ji haka hankalina ya kwanta, na ce tsohuwata tana nan yadda na san ta. Allah ya ƙara sauƙi.

Kin san ni da biro ba ma ga maciji. Amma tunda kunnenki ba ya ɗaukar magana ta waya, dole na zauna na rubuta, motar wasiƙu kuma sai Alhamis.

Tumaki lafiya. Famfon iska na rijiyar arewa ya sake tsayawa, na hau na gyara. Na san kin tsallake wannan layin, don ba labarin tumaki kike jira ba. To, 'yar kangarunki tana nan da rai. Wilga har ta ƙara nauyi.

Ranar da aka tafi da ke, na shigo kicin na tarar da ita cikin jakar bargon nan da kika ɗinka mata, rataye a bayan kujera, ƙafa ɗaya a waje, wutsiya a kan fuska. Na tsaya ina kallonta, ita ma tana kallona. Wata biyu tana gidan nan, tun ranar da kika tsayar da ni a hanyar Hawker kika ciro ta daga jakar uwarta da mota ta kaɗe, amma ban taɓa ɗaukarta ba. Ni da na yi shekara hamsin ina korar danginta daga ciyawar tumakina.

Duk abin da kika yi ta faɗa min kina kwance a gindin matakala muna jiran motar asibiti, na rubuta a bayan kalanda, shi nake bi. Ban ba ta madarar shanu ba ko ɗigo, tunda kin ce tana lalata musu ciki har ta taɓa ido. Garin madarar likitan dabbobi nake dama mata, da ɗumi, sau biyar a rana. In ta sha sai in goge mata gindi da jiƙaƙƙen tsumma, yadda uwa take lasa, don ta samu ta yi bayan gida. Wannan na ƙarshen kada ki faɗa wa kowa a Hawker.

Abu ɗaya ya ba ni wahala, shi ne sanyi. Kafin gari ya waye ruwan zafin kwalbar da nake sa mata don ɗumi ya huce, sai in same ta tana rawar ɗari. Amma an samu mafita, kuma ba ni na samo ba. Tun tafiyarki gidan ya yi min faɗi, sai na fara barin karenmu Moss yana shigowa kicin ya kwanta gaban murhu. Na sani, ni ne na ce karen aiki ba ya tsallake ƙofar gida, kuma na riƙe wannan doka shekara arba'in. Yi dariyarki. Ranar Litinin da safe na shigo na ga jaka wayam. Ashe saukowa ta yi ta cusa kai a cikin Moss, tsakanin ƙafafunsa, tana ta laluben inda tasa jakar take. Shi kuwa ya ƙame, ya ɗago ido ya dube ni yana jiran in gaya masa abin da ake yi a irin wannan hali. Tun ranar tare suke kwana, rawar ɗari kuma ta ƙare.

Ki daure ki ci abincinsu ko ba daɗi. Ki gaida Bronwyn da mijinta da yara.

Mijinki,
Clarrie


3 ga Yuli, 1986

Noreen tawa,

Gaisuwa da fatan kin tashi lafiya. Yaya ƙafar? An ce sun fara tsayar da ke tsakanin ƙarafa biyu kina takawa. Sannu. Ki bi a hankali, ko da yake na san ba ki taɓa iya tafiya a hankali ba tun ƙuruciya.

Takardarki ta iso. Ban san kina da ƙarfin danna biro haka ba, ya huda takardar a wuri biyu. Sau uku na karanta inda kika ce, "Clarrie, ka raba su yau, ba gobe ba. Don daji nake renonta. Ranar da aka sake ta, in ta hangi kare da murna za ta nufe shi, shi kuma ba Moss ba ne." Na ji. Wallahi tunanina bai kai nan ba, ni sanyi kawai na gani. Na mayar da Moss rumfar askin tumaki, ki kwantar da hankalinki.

Yanzu ta fara fitowa da rana. Takan yi tsalle uku ko huɗu a tsakar gida, ƙafafun sun fi ƙarfinta, da iska ta kaɗa ganye sai ta juyo a guje ta faɗa jaka da ka, ta wuntsila a ciki, can sai ki ga kunnuwa sun ɓullo. Nakan rataya jakar a wuya cikin kwat in zaga shinge da ita. In na tsaya ina jin bugun zuciyarta a kan tawa, nata sauri-sauri, nawa irin na tsofaffi.

Jiya da la'asar na zauna a baranda, rana ta mayar da duwatsu jawur, barci ya sace ni a kujera. Na yi mafarki wai ni ne a cikin jaka. Duhu ne mai ɗumi, ja-ja, irin wanda mutum yake gani in ya rufe ido ya fuskanci rana. Ana tafiya da ni, sama, ƙasa, sama, ƙasa, fili yana wucewa can ƙarƙashina, ban san inda za mu ba, ban kuma damu in sani ba. Ba tumaki, ba shinge, ba jiran ruwan sama. Noreen, ban taɓa samun hutu irin wannan ba ko ina yaro. Da na farka shayina ya huce, Wilga tana tsotsar maɓallin rigata.

Sai na tuna abin da kika taɓa gaya min ina saurare da rabin kunne. Kin ce ana haihuwarsu ba su fi ƙwayar wake ba, ba ido, ba gashi, sai hannu biyu da suke jan jiki da su cikin gashin uwa har su faɗa jaka su kama nono. Kin ce kuma uwar tana ɗauke da wani a ciki, ɗan mitsitsi, tsaye cak, ba ya girma, ba ya mutuwa, yana jiran jaka ta zama babu kowa kafin ya motsa. To ashe ranar nan a hanyar Hawker su biyu ne a jikin uwar, ɗaya muka ɗauko. Ɗayan yana ta jiran a kira shi. Wannan tunanin ya hana ni sakat kwana biyu, ban san dalili ba.

Ina kewarki. Ga shi na faɗa, kada ki karanta wa Bronwyn.

Naki,
Clarrie


9 ga Oktoba, 1986

Zuwa ga Noreen,

Ina gaishe ki, ina kuma yi miki sannu da wannan aikin tiyata na biyu. Yaya ciwon? Ya daina ruwa? Na ji daɗi da aka ce kin bar asibiti kin koma gidan Bronwyn. Ki zauna tukuna kafin ki ci gaba da karatu.

Noreen, na yi miki ƙarya.

Kwana biyu kacal Moss ya yi a rumfar aski. Wilga ta ƙi madara, ta bi ɗaki ɗaki tana wannan kukan nasu mai kama da tari, shi kuma yana can yana kankarar ƙofa. A rana ta uku na ce bari in bar su yau kaɗai. Yau ɗin nan ita ce ta zama wata uku. Duk takardun da na aiko miki tsakani, labarin aski da na farashin ulu, cika su na yi don kada ki tambaya.

Da kin gan su, da ke ma zuciyarki ta yi laushi, ko da yake na san ba za ta yi ba. Ta girma, gashinta ya koma toka-toka mai shuɗi, ta daina shiga jaka sai in ta firgita. Takan kama kunnuwan Moss da hannu biyu ta harbe shi a ciki, shi kuma ya faɗi da gangan. In zafi ya taso su kwanta a inuwar tankin ruwa, ta lashe hannuwanta su jiƙe don ta ji sanyi, ta juya ta lashe nasa. Nakan zauna ina kallonsu har in manta da wane aiki na fito.

Ranar Talata ƙawarki Beryl Pohlner ta zo, kamar yadda kika roƙe ta, don ta duba ko Wilga ta isa komawa babban filinta inda take shirya 'yan kangaru kafin saki. Karenta yana ɗaure a bayan mota, wani baƙi mai faɗin kai. Kafin Beryl ta gama rufe ƙofa, Wilga ta tsallaka tsakar gida ta nufe shi, ta miƙe tsaye ta kai masa hanci. Sarƙa ce ta cece ta. Bakin kunnenta na hagu kawai ya samu, ya yage kaɗan.

Beryl ta duba kunnen. Can ta ce, "Clarrie, zo nan. Me na gani yanzu?"

Na ce, "Ai son mutane gare ta."

Ta ce, "Wancan mutum ne? Tsoho da kai, furfura har cikin hanci, ka rasa abin yi sai haɗa kare da kangaru zumunci? Noreen ta sani?"

Na girgiza kai.

"To ni ba zan gaya mata ba. Kai za ka rubuta da hannunka."

Muka ɗaure kunnen, na haɗa mata shayi, ta sha a tsaye. Ta ce hanya biyu ce. A ƙarshen Disamba za ta saki nata guda biyu a gindin duwatsu. In Wilga ta koyi tsoro kafin nan, za ta bi su. In ba ta koya ba, sai gidan dabbobin nan na bakin babbar hanya, inda matafiya suke jefa musu burodi ta cikin waya. Ta ce, "Ni ba na sakin dabba don ta zama abincin kare. Ka zaɓa."

Kin san wurin. Mun taɓa tsayawa shan mai, kika ƙi fitowa daga mota. Ƙasa ce tsurarta ba ko ciyawa, suna kwance ko kai ba sa ɗagawa. An ce sukan kai shekara ashirin a haka. Ba zan kai ta can ba, Noreen. Jiya na ɗauke ta na kai gidan Beryl.

Ki yi min faɗan duk da kika ga dama, na cancanta. Ki dai rubuto.

Mijinki mai laifi,
Clarrie


27 ga Nuwamba, 1986

Noreen,

Gaisuwa mai yawa. Yaya takawa? Bronwyn ta ce kin ajiye sanda ɗaya, saura ɗaya. Madalla. Na ga takardarki mai layi biyu. "Ka yi duk abin da Beryl ta ce. Ka ci abinci." Da kin zage ni da ya fi min sauƙi.

Mako shida Beryl ta hana ni zuwa. An yaye Wilga daga kwalba, ba mai taɓa ta, ciyawa take ci tare da sauran biyun. Su waɗancan da sun ji warin kare sai su buga ƙafa a ƙasa, dum, su watse. Ita kuwa sai ta tsaya tana kallonsu tana mamaki, sannan ta nufi shinge ta ga wa ya zo. Beryl ta gwada karnuka uku na maƙwabta. Duk a banza.

Sai ta kira ni a waya ta ce, "Wanda ya cire mata tsoro shi zai mayar mata. Ka kawo Moss. Ka zo da bulalarka."

Da safe muka je. Tun daga nesa Wilga ta gane mu. Ta baro 'yan uwanta ta taho, tsalle dogo dogo, tana wannan ƙaramin kukan. Moss yana kaɗa wutsiya har jikinsa duka yana kaɗawa. Na sa yatsu a baki na yi masa fiton kora, wanda nake masa in rago ya yi taurin kai. Shekara goma sha ɗaya bai taɓa ƙin wannan fito ba. Ya dube ni, ya kwanta, ya ɗora haɓa a kan ƙafafunsa. Na sake yi. Ya rufe ido.

Beryl tana bakin shinge ta ce, "Daina ganin laifinsa. Fiton naka ma ƙarya ne, ya ji."

Sai na ɗaga bulala na kaɗa ta a iska, ta yi ƙara kamar bindiga. Wilga ta zabura. Ta firgita ƙwarai, na ga fararen idonta. Kin san inda ta gudu? Wurina ta yo. Ta cusa kai cikin kwat ɗina tana neman jaka, ita da ta kusa kai min ƙirji, tana ta turawa da ƙarfi, jikinta yana rawa. Ita dai abin da ta sani ke nan, in an ji tsoro Clarrie ake nema.

Na kama kafaɗunta na hankaɗa ta. Ta dawo. Na sake hankaɗa ta, na daka mata tsawa da muryar da ban san ina da ita ba. Cikin kokawar ta kai min harbi a cinya na faɗi. Da Moss ya ga na faɗi sai ya manta komai, ya tashi da haushi ya cafki gindin wutsiyarta. Ta yi tsalle ɗaya ta tsaya can nesa tana kallonmu. Ba ta gane ba. Ta sake matsowa, na sake kaɗa bulala.

Kwana tara muna wannan aiki kowace safiya. Ba zan ba ki labarin kowace rana ba. A ta huɗu ta daina zuwa kusa. A ta bakwai tana jin motata ta koma ƙarshen fili. Moss yanzu yana yin korar da fito ɗaya, amma in mun dawo gida ba ya shiga kicin, ko na bar masa ƙofa a buɗe. Rumfar aski yake tafiya ya kwanta.

Cinyar ta kumbura amma ba komai. Ki gaida yara.

Clarrie


Gonar Emu Gap,
8 ga Janairu, 1987

Zuwa ga matata Noreen,

Barka da sabuwar shekara, da fatan kin shige ta da ƙarin lafiya. Yaya jikin? Na samu saƙon Bronwyn cewa ranar ashirin ga wata za ta kawo ki. Na sa abin riƙewa a matakala, na share ɗakinki.

Beryl ta buɗe musu ƙofa washegarin Kirsimeti. Ban je ba, ita ta ce kada in je.

Shekaranjiya na fita duba madatsar ruwa ta gindin duwatsu, Moss yana bayan mota. Zafi ya yi zafi, fili duk ya koma kamar tafki, bishiyoyi suna shawagi ba tushe. Can na hango garke, sun kai goma sha biyar, suna tahowa a kan wannan ruwan ƙarya, ƙafafunsu ba sa taɓa ƙasa. Na kashe mota na zauna. Na ɗauka mafarkin nan ne ya dawo min da rana tsaka. Suka sauko bakin madatsar ɗaya bayan ɗaya, ga wani jan namiji ƙato, ga uwaye da 'ya'ya suna leƙe daga jaka. Na ɗauko madubin hangen nesa na bi su. Ta uku daga hagu, mai yagaggen kunne. Ta rame kaɗan, amma gashinta yana sheƙi.

Na daɗe ina kallonta tana sha. Sai iska ta juya daga wajenmu zuwa wajensu. Ita ta fara ɗago kai, kafin manyan. Ta miƙe tsaye, kunnuwa suka juyo, ta dubi motar sosai. Ta san ko su waye. Ta buga ƙafa a ƙasa, har nan na ji, garken duka ya tashi, ita ce a gaba. Ba ta waiwayo ba.

An yi nasara, Noreen. Za ta rayu.

Na biya ta gidan Beryl na gaya mata. Ta ce, "To, ka yi ɗaya. Matarka talatin da huɗu ta yi." Ban san sun kai haka ba. A hanyar gida nake ta lissafi. Sau talatin da huɗu kina dawowa daga wurin saki, ki wuce ni a baranda ba magana, ki shiga ɗakin wanki ki buɗe famfo ki daɗe. Ni kuma daga kujerata ina ɗaga murya ina cewa, "Bakin ci ɗaya ya ragu, a ɗora mana shayi." Kuma kina fitowa ki ɗora.

Ki yafe min. Ban san kuka kike yi ba, kuma ban tambaya ba.

Abu ɗaya nake so ki rubuto min kafin ki taso, tunda ke kika san hanyar. Ki gaya min kwana nawa ciwon rabuwar nan yake ɗauka kafin ya saki mutum.

Mijinki mai jiranki,
Clarrie